Sunan Da Na Sa Aka Soke

Ba don na fi kowa ilimi aka ba ni shugabancin kwamitin makarantar firamaren garinmu ba. Aji bakwai na gama a zamaninmu, na yi aikin masinja a Kankiya har ƙarfina ya fara raguwa, na dawo gida na kama noma. Ina iya karanta takarda idan aka ba ni lokaci, kuma da biro nake sa hannu, ba dangwale nake yi ba. A ƙauye irin namu, da ke tsakanin Kankiya da Kusada, wannan ya isa a ce da mutum ya zauna a kujerar gaba.

Shekarun farko aikin ba wani abu ba ne. Iska ta yaye kwanon aji, mu bi gida-gida a taimaka. Malami ya daina zuwa, mu je mu kai kuka. Sai wata shekara hedimasta ya dawo daga taro da takarda, ya ce gwamnati ta ƙaro wa makarantu wani tallafi daban, ba na gini ba, ba na alli ba. Wannan na yaran marasa galihu ne, kuma ba a hannun iyaye za a danƙa ba. Kwamiti ne zai zauna ya fitar da sunayen yaran, a sayo yadi a ɗinka musu kayan makaranta, a haɗa musu da takalmi da jaka da littattafan rubutu. Takardar ta ce a fara da marayu, sai 'ya'yan masu lalura, sai na gidan da ba shi da abin hannu. A ƙasa akwai tambayoyin da za a yi a kan kowane gida. Ɗaya daga ciki ita ce ko gidan yana da shanu.

Dole in tsaya nan in faɗi abin da a lokacin ko ƙannena ba su sani ba. Ina da shanu biyar.

A wajenmu, manomi idan Allah ya ba shi rarar hatsi ya sayi karsana, ba ya ɗaure ta a ƙofar gida. Bafulatani yake kai wa. Makiyayin ya haɗa ta da garkensa, nonon nasa ne, da rani kuma ya zo ya sauka a gonarka ka sami taki. Babu takarda, babu shaida, kuma ba a zancen. A da ana ɓoyewa ne saboda dangi da bakin mutane. Yanzu an ƙara da tsoro, don a zamanin da muke ciki ba wanda ke son labarin shanunsa ya kai kunnen da bai kamata ba.

Nawa suna hannun wani Bafulatani mai ruga a bayan gari, wajen hanyar Tafashiya. Tun ubansa muke tare. Wanda ya gan shi da yamma yana koro garke zai rantse mai arziki ne. Ni kuwa na san nasa na gado ɓarayi sun kore su shekarun baya a wajen kiwon damina. Abin da ya rage masa tsohuwar saniya ɗaya ce da 'yan tumaki. Sauran duk na riƙo ne. Na san biyar nawa ne. Ragowar ban taɓa tambaya ba, shi kuma ba mai faɗa ba ne.

Babbar ɗiyarsa ce ke kawo mana nono da safe. Ta sauke ƙwarya a tsakar gida, mai ɗakina ta auna, sannan su wuce makaranta tare da jikata. Jikoki uku ne a hannuna, 'ya'yan ɗana da ya rasu, babbarsu sa'ar 'yar Fulanin ce. Ajinsu ɗaya, aji huɗu, bencinsu ma ɗaya. A lokacin ba wanda ya damu da kayan makaranta. Mai shi ya sa, marar shi ya zo da na gida, duk a zauna.

Ranar fitar da sunaye mun zauna a cikin aji bayan an tashi yara, mu bakwai. Malamar aji huɗu, wata yarinya mai ƙoƙari da ke zuwa daga Kusada a kan mashin ɗin haya, ita ta tattaro sunayen, ita ke karantawa. Marayu aka fara, jikokina uku suna ciki, ba wanda ya ce uffan. Aka bi sauran ana cewa haka ne. Can wajen ƙarshe ta karanto sunan 'yar Fulanin.

Mai unguwa ya ɗago kai. "Ɗiyar wa kika ce?"

"Ɗiyar Bafulatanin bayan gari, Baba."

Ya yi dariya ya dube mu. "Malama, halan ba ki taɓa bi ta can da la'asar sakaliya ba. In yana maido da garke sai mai keke ya sauka ya jira. Shi ne marar galihu? To mu da ko akuya sai mun yi addu'a ta haihu fa?"

Aka yi dariya. Malamar ba ta yi ba. Ta ce, "Ni dai ban san garke ba. Abin da na sani, zane ɗaya yarinyar nan ke zuwa da shi tun farkon zango. Littafinta ɗaya, da fensir take rubutu, in ya cika ta goge ta sake. Kuma ita ce ta biyu a ajin."

"Halin Fulani ne," in ji mai unguwa. "Gara ya kwana da yunwa da ya taɓa saniya."

Hedimasta ya juyo gare ni. "Shugaba, takarda ta yi tambaya a kan shanu. Mi ka gani?"

Har yau ina iya ganin takardar a kan tebur, da sunayen jikokina a samanta. Kalma kaɗan ce ake buƙata daga bakina: shanun ba nasa ba ne. Amma na san tambayar da za ta biyo baya. Na wane ne, kuma kai yaya aka yi ka sani? Idan na ce biyar nawa ne, kafin magariba garin ya ɗauka. Za a ce mai shanu ya sa jikokinsa a layin marasa galihu. Ƙannena za su tuna da bukatunsu. Sannan ga tsoron nan da kowa ke kwana da shi. Duk wannan ya ratsa ni a ɗan lokacin da hedimasta ke jiran amsa.

Na ce, "Mai shanu ba ya cikin marasa galihu. A soke."

Malamar ta dube ni, ta ja layi a kan sunan. Na sa hannu a ƙasa, aka kai takardar Kankiya.

Na lallashi kaina da cewa ban rage wa yarinyar komai ba. Da ma da zanen gida take zuwa, sai ta ci gaba da zuwa da shi. Abin da ban hango ba shi ne abin da tallafin zai haifar. Da tela ya gama ɗinki aka raba kaya, makarantar ta yi kyau ƙwarai. Yaran da ke zuwa ƙafa ba takalmi suka zo fes. Iyayen da ba su cikin jerin suka ji kunya, kowa ya kukkuta ya ɗinka wa nasa. Sai hedimasta ya kafa doka, kuma ban ga laifinsa ba: tunda an ɗinka wa marasa shi, sauran ba su da uzuri. Daga Litinin duk wanda bai sa kayan makaranta ba, a bakin ƙofa zai tsaya. Mu 'yan kwamiti muka amince. Ni na fara ɗaga hannu.

Ranar Litinin ɗin ina zaure ina gyaran ƙotar fartanya na ga sun fita su biyu, jikata cikin sabon hijabi, 'yar Fulanin cikin zanenta. Ba a jima ba ta dawo ita kaɗai. Ta gaishe ni, ta shiga ta ɗauki ƙwaryarta.

Na ce, "Yau ba karatu?"

Ta ce, "An ce sai na sa kaya, Baba."

Ta faɗe shi ne kamar mai ba da labarin an ɗauke ruwa. Ta ɗora ƙwarya a ka ta tafi.

Mai ɗakina ita kaɗai ta san zancen shanun. Da ta kawo mini fura da rana ta ajiye kwanon da ƙarfi fiye da yadda ta saba.

"Malam, da nonon wa aka dama wannan?"

Na jawo kwanon na ɗauki ludayi.

"Tambaya na yi. Yarinya na ɗauko nonon shanunka a kanta kullum, ka zauna gaban mutane ka ce ubanta mai arziki ne."

"Ke ba ki san yadda zaman ya kasance ba."

"Na san yadda ka kasance kai," ta ce, ta koma ciki.

Ranar kasuwa na je Kankiya na yanko yadin makaranta, wanda zai isa riga da wando da hijabi. Na naɗe shi a leda baƙa na sa cikin babbar riga, washegari na nufi rugar da hantsi lokacin da na san mutane suna gona. Na tarar da Bafulatanin yana ɗaure maruƙa. Ya shimfiɗa mini tabarma, muka gaisa gaisuwa mai tsawo, ya ba ni labarin jar saniyata da ta kusa haihuwa. Sannan na fito da ledar na tura gabansa.

Ya buɗe ya duba, ya mayar ya rufe.

"Malam, an gode. Amma dubi nan. In ta sa wannan gobe, mutanen gari za su ce ashe yana da shi, rowa ce ta hana. In kuma wani ya tambaye ni ina na samu, mi zan ce? In yi ƙarya, ko in faɗi sunanka? In na faɗi sunanka za a ce don mi kai."

"Ba wanda zai tambaya."

Ya yi murmushi. "A garinku?"

Matarsa tana bayan bukka tana kaɗa nono, duk tana ji. Ba ta fito ba, daga can ta ce, "Ai an ce kana wurin, Malam, ranar da aka yi zaman."

Mijin ya ce mata wani abu da Fillanci, ta koma kan aikinta. Ya juyo gare ni ya ce, "Bar shi. In kaka ta yi zan sayar da rago in ɗinka mata da hannuna. Ba wanda zai yi magana."

Abin da ya fi ci mini rai idan na tuna shi ne sanyin da na ji a zuciyata da ya faɗi haka. Bai tona ni ba, bai kuma nemi in tona kaina ba. Na ɗauki ledata na dawo gida na jefa ta ƙasan akwati.

Kaka ta zo, ragon ya tafi wajen maganin matarsa da ta kwanta jinya. Da ta tashi ba ta da ƙarfin yawon talla, sai ɗiyar ta karɓi babbar ƙwarya, ta fara zagaya garin gaba ɗaya, wani lokaci har ƙauyen Ƙofa. Gida idan ya saba da hannun yaro, da wuya ya sake shi. Aka ce sai wata kakar.

Malamar ba ta haƙura ba. Sau biyu tana tare ni a bakin makaranta.

"Baba, yarinyar nan fa?"

Na ce, "Sunaye sun riga sun tafi, Malama."

"Na tambayi hedimasta. Ya ce ana iya ƙarawa idan kwamiti ya sake zama ya rubuta dalili. Dalili kawai ake so."

Dalilin yana cikin bakina. Na ce mata za mu duba. Duk zaman da aka yi bayan nan sai in shiga da niyyar faɗa, in zauna ana zancen masai da rijiya da kujeru, in ga fuskokin mutane, a yi addu'a a tashi. Kuma kullum da na ƙara kwana a kan shirun sai ya ƙara nauyi, don yanzu ba shanu kawai zan bayyana ba, har da cewa na sani tun ranar farko. Na yi tunanin in karɓo shanun in sayar in huta. Sai na ga idan na yi haka na rage musu nonon da suke ci da shi. Na yi tunanin in ajiye shugabancin, sai na ga wanda zai gaje ni ba abin da zai sa ya taɓa zancen. Ko ta ina na juya, nan dai nake.

Ita kuwa kullum da safe tana tsakar gidana. Jikata kan zauna a bakin turmi tana bitar karatu kafin ta fita. A shekarar farko, idan ta yi tuntuɓe a wata kalma, sai in ji 'yar Fulanin ta faɗa mata daga inda take durƙushe tana auna nono, ko littafin ba ta kallo. Jikata ta ce, "Ke dai kin cika iyayi." Ita kuma ta ce, "Ke kuma kin cika kan tukunya." Su yi dariya.

A shekara ta biyu jikata ta shiga aji shida. Wata safiya ina alwala a bakin rariya na ji ta maƙale a wani wuri, ta maimaita, ta sake maimaitawa. Ta miƙa wa ƙawarta littafin ta ce, "Duba mini nan." Yarinyar ta goge hannu a zane ta karɓa. Ta daɗe tana kallon shafin, leɓenta na motsi. Sannan ta mayar mata.

"Ba a kai mu nan ba," ta ce.

Ta rufe ƙwaryarta da faifai ta fita. Tun daga ranar ban ƙara jin ta sa baki a karatun ba.

A zaman kwamiti na gaba, kafin a buɗe da addu'a ma na ce ina da magana. Ban tsara ta ba. Na ce shanun da ke hannun Bafulatanin bayan gari ba nasa ba ne, na riƙo ne, biyar daga ciki nawa ne, kuma na san haka ranar da na ce a soke sunan ɗiyarsa. Na ce idan za a cire jikokina a cire, ni na jawo.

Na sunkuyar da kai ina jiran abin da zai biyo baya. Sai na ji mai unguwa ya yi gyaran murya.

"Baƙin bijimin nan mai karyayyen ƙaho," ya ce a hankali, "da shanu biyu da ke bin sa, nawa ne."

Na'ibin liman, wanda shi ma ɗan kwamiti ne, ya shafa gemu ya ce shi ma yana da karsana a can. Shugabar mata ta ja mayafi ta rufe baki ta ce na gadon 'ya'yanta suna hannunsa. Cikinmu bakwai, hedimasta da malama ne kaɗai ba su da ko kofato a garken, su kuwa ba 'yan garin ba ne. Ashe ranar nan kowa ya san nasa, kowa yana jiran wani ya fara. Mai unguwa ya yi ba'arsa ne don kada a dube shi. Wani ya so ya yi dariya, ta maƙale.

Malamar ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. Ta ce, "Iyayena, shekara biyu fa."

Hedimasta ya jawo takarda ya ɗauki biro.

Ban faɗi wannan don in raba laifin ba. Su sun yi shiru, ni na yi magana. Ni aka tambaya, ni na ce a soke, hannuna ne a ƙasan takardar. Jikokina kuwa ba wanda ya taɓa su. Hedimasta ya ce maraya maraya ne, ko kakansa na da raƙuma. Ƙannena sun yi 'yan gunaguninsu na mako guda suka bari. Shanun suna nan lafiya har yau. Duk abin da na ji wa tsoro, ko ɗaya bai faru ba.

Aka rubuta dalili, aka mayar da sunanta, aka ce ni zan gaya mata. Washegari da ta sauke ƙwarya na kira ta zaure. Ta yi tsawo a shekaru biyun nan, har ta fi jikata. Ta durƙusa daga bakin ƙofa.

Na ce, "An sa sunanki. Za a ɗinka miki kaya, da takalmi da jaka. Ki koma makaranta."

Ta ce, "Aji nawa za a sa ni, Baba?"

"Inda kika tsaya. Aji huɗu."

"Waɗanda ke aji huɗu yanzu, ni nake raka su bayan aji in sun ji fitsari, lokacin suna 'yan aji biyu." Ta yi ɗan murmushi. "Ƙawata kuma bana za ta fita. Da wa zan zauna?"

Na ce karatu ba ya tsufa, na ce malama za ta taimaka mata, na faɗi duk abin da tsoho ke faɗi. Ta bar ni na gama.

"Kuma wa zai kai nono? Inna ba ta iya ɗaukar ƙwarya yanzu." Ta dubi ƙasa. "In ana iya canzawa, a sa ƙanwata. Bana ta isa shiga. Ita ba a taɓa maido ta daga ƙofa ba."

Na je wurin ubanta, ya ce abin da ta zaɓa shi ne. Malamar ta je rugar da kanta har sau biyu kafin a yi mata canjin wurin aiki, ta dawo ba ta samu ba. Aka sa ƙanwar.

Ƙofar zaurena tana kallon hanyar makaranta, kuma shekaruna sun kai inda ba na iya zuwa gona da sassafe, sai zama. Don haka kullum ina ganinsu. Ƙaramar tana gaba cikin hijabin da kwamiti ya ɗinka, jaka na dukan bayanta. Babbar tana biye da ƙwarya a ka. Idan sun isa bakin makaranta sai ta gyara wa ƙanwar wuyan hijabi, ta tura ta ciki. Ba wanda zai hana ta shiga yanzu, hedimasta da kansa ya gaya mata. Amma daidai inda aka tsayar da ita ranar Litinin ɗin nan take tsayawa, ta jira har ƙanwar ta shige aji, sannan ta juyo ta biyo ta ƙofar gidana.

"Ina kwana, Baba. A kawo na nawa yau?"

Yadin yana nan ƙasan akwati cikin ledarsa. Mai ɗakina ta ce in bayar a ɗinka wa wani yaron, na ce to, ban dai ciro shi ba tukuna.